Rajista Biyu a Gidan Ɗan Takara

Litinin ta farko bayan hutun sabuwar shekara na tsayar da bas a bakin layin su Afnan, na buɗe ƙofa na jira. Ba ta fito ba. Shekara tara ke nan ina tuƙa motar makaranta, kuma tun da ƙanwata Bebi da mijinta Abdurrahim suka koma McLeansville, can bayan gari, gidansu ya faɗo a hanyata. 'Yarsu Afnan, mai shekara goma sha biyu, ba ta taɓa sa ni jira ba. Kullum a tsaye nake samunta da jaka a baya, ta zauna a kujerar da ke bayana, ta dinga ba ni labarin abin da malamar kimiyya ta nuna musu har mu isa. Na danna hon sau biyu, na ja mota.

Talata ma haka. Ranar Laraba da na sauke yara sai na wuce gidan a ƙaramar motata.

Abdurrahim ne ya buɗe ƙofa, cikin kwat da taye. Falon cike yake da kwalaye, an jingina wani ƙaton allo a bango mai hotonsa yana murmushi.

"Yaya Rakiya, sannu da zuwa. Kin zo a daidai, ke za ki fara gani."

"Ina Afnan? Ba ta da lafiya ne?"

"Lafiyarta ƙalau. Na cire ta daga makaranta. A gida za ta yi karatu, ni zan koyar da ita."

Ya nuna min allon. Takara ya tsaya, yana neman kujera a hukumar makarantun gunduma. Wanda bai zauna ƙasar Turawan nan ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Ba ƙarami ba ne. 'Yan mutane kaɗan ne jama'a ke zaɓa, su suke yanke wace makaranta za a gyara, wacce za a rufe, wane littafi yara za su karanta. Ƙuri'a ɗaya a teburin nan tana iya tashin unguwa guda. Wasu masu hali da ke zaune a Sedgefield kusa da filin golf, waɗanda 'ya'yansu ba su taɓa taka irin motar da nake tuƙawa ba, suna so a rufe tsofaffin makarantu biyu a gabashin gari a karkata yaran zuwa wata makarantar kuɗi da suke ginawa. Ba za su iya zuwa gabas su faɗi haka da bakinsu ba. Suna neman baƙar fuska da za ta faɗa musu, sai suka samu mijin ƙanwata.

"To takararka me ta haɗa da karatun yarinya?" na tambaye shi.

"Ki yi tunani, Yaya. Zan tsaya gaban mutane in ce makarantun nan sun lalace, alhali 'yata tana ciki tana cin maki mafi kyau a ajinsu? Abokiyar takarata takardar sakamakon kawai za ta ɗaga, ta gama da ni."

"Ka tambayi Afnan ɗin?"

"Yarinya ake tambaya? Kamfen ɗina gaba ɗaya a kan haƙƙin iyaye yake. Uba ne ke yanke wa 'yarsa hukunci, ba ofis ba."

Na same ta a teburin cin abinci gaban sabuwar kwamfuta. Na dafa kafaɗarta. Ba ta ɗago ba, ta ce da Turanci, "Ba komai, Anti. Abba ya ce zuwa bayan zaɓe ne kawai."

Zaɓen sai Nuwamba. A Janairu muke.

Sati biyu na farko ya zauna da ita awa ɗaya kullum da safe. A sati na uku ya koma fita tun ƙarfe takwas, daga ofishinsa na inshora zuwa taro, daga taro zuwa cin abinci da mutanen Sedgefield. Bebi tana aiki a gidan kula da tsofaffi, bakwai na safe zuwa bakwai na yamma. A Fabrairu suka daina kai ƙaramar, Yasmina, gidan raino, wai tunda yanzu akwai mutum a gida. Yasmina shekararta biyu. A Maris manhajar darussa ta rufe, ya ce zai buɗe, bai buɗe ba. Daga baya ma ya ɗauke kwamfutar ya kai ofishin kamfen, ya bar wa Afnan kwalayen takardun talla da ambulan, ta ninke ta liƙe.

Wanda ya san McLeansville ya san abin da nake nufi. Gida a nan, fili, gona, sannan wani gidan can nesa. Ba shago, ba maƙwabcin da za ka leƙa. In ba ka da mota, kana tsare ne. Kullum ƙarfe bakwai saura in na wuce bakin layin ina ganin labulen ɗakinta a ɗage kaɗan. Da farko tana ɗaga min hannu. Zuwa Afrilu labulen ya daina motsi.

Wata Asabar na tsare Bebi a kicin.

"Ke uwa ce ko hoto? Kina kallo 'yarki ta zama 'yar aiki."

"Yaya, don Allah. Me kike so in yi? Shi ne ubanta. Ya ce da zarar ya ci zaɓe makarantar kuɗi mafi kyau zai sa ta, mutanen nan sun yi masa alkawari."

"In bai ci ba fa?"

"Zai ci in sha Allahu. Kuma ai ba zaman banza take yi ba, tana koyon aikin gida. Mu ba haka muka tashi ba?"

"Mu mun tashi haka, shi ya sa ni nake tuƙa bas, ke kike wanke tsofaffin mutane. Haka kike so mata?"

Ta juya min baya ta ci gaba da yanka albasa. Ta ce albasar ce ta sa ta hawaye.

Dokar jihar nan ta ce duk mai koyar da yaro a gida sai ya ajiye rajistar kwanakin karatu, kuma ya yi masa babbar jarrabawa sau ɗaya a shekara. A watan Mayu takardun jarrabawar suka iso ta gidan waya. Afnan ta gaya min yadda aka yi. Ta yi murna da ta ga ambulan ɗin, ta feƙe fensir biyu. Uban ya karɓe takardun. Ya ce wata huɗu ba ta taɓa lissafi ba, ba zai yi kasada da sunansa ba. Ya zauna ranar Lahadi da waya a gefe ya cike amsoshin da kansa, ita kuwa tana zagaya falo da Yasmina a baya don kada kuka ya dame shi.

A Yuni sakamakon ya fito a takardar talla da manyan haruffa: na cire 'yata daga makarantarsu, ga abin da ta samu a wata biyar. Afnan ce ta ninke takardun, dubu huɗu, da hotonta a jiki.

Daga nan ya fara yawo da ita. Ya rubuta mata jawabi na minti ɗaya ta haddace. A sa mata doguwar riga da mayafi mai kyau, a tsayar da ita gaban mutane ta ce a makarantar gwamnati ba ta koyon komai, mahaifinta ne ya cece ta. Su tafa. Matan Sedgefield su rungume ta su ɗauki hoto. A dawo da ita gida ta cire rigar ta canza wa Yasmina famfas.

Ban zauna ba. Na je wurin Prisca, ƙawata 'yar Kafanchan da ke taimakon malamai a makarantar da aka cire Afnan. Ita ta san dokokin nan fiye da ni. Ta yi 'yan tambayoyi ta dawo min da amsa.

"Rakiya, takardunsa sun cika. Ya sanar da jiha, yana da rajista, ga sakamakon jarrabawa. A takarda yarinyar tana makaranta. In uwar ta zo ta sa hannu, gobe za mu karɓe ta. Ke ba ki da hurumi."

Na je wurin Alhaji Iliyasu, dattijon da duk Hausawan garin nan ke kai wa ƙara. Ya saurare ni har ƙarshe yana jan carbi.

"Hajiya Rakiya, na ji. Amma ki duba. Shekara talatin muna garin nan, ba mu taɓa samun namu a kan wata kujera ba. In yaron nan ya shiga, a yi maganar hutun Sallah, a yi maganar abincin yaranmu a makaranta, akwai mai ɗaga hannu. Wata nawa ya rage? A rufa masa asiri. Yarinya ce, za ta cim ma sa'o'inta."

"Alhaji, da jikarka ce?"

Ya ce zai yi masa magana. Maganar da ya yi masa ita ce ya gaya masa na kawo ƙararsa, don washegari Abdurrahim ya kira ni ya ce kada in ƙara zuwa gidansa sai yana nan.

A Agusta, da aka koma makaranta, Afnan ta aika wa malamar kimiyya saƙo ta waya tana roƙon a turo mata aikin da 'yan aji takwas ke yi. Malamar ta amsa, kuma ta haɗa da uban a saƙon, a ganinta ladabi ne. Ya karɓe wayar. Ya ce saƙo irin wannan in ya faɗa hannun abokan hamayya shi ke nan. Bayan haka in na je ranar Asabar sai in samu yarinya a zaune tana kallon bango. Ta rame. Gashin gaban kanta ya zube, na gane ita ke tsigewa. In na yi mata magana, amsa ɗaya ce: ba komai, Anti.

Na tsani mutumin nan. Zan faɗa yadda yake, ba zan yi masa kwaskwarima ba. In na hango allonsa a bakin titi sai in ji hannuna ya ƙara damƙe sitiyari. Ba na cewa makarantunmu ba su da aibu. Ni ce nake ganin ajin da rufinsa ke yoyo, ni nake tuƙa motar da na'urar ɗumamarta ta mutu tun bara. Da ya tsaya a kan wannan da ni zan fara raba masa takarda. Amma mutum ya kulle 'yarsa a gida don ya samu abin faɗa, sannan ya fita yana koya wa gari yadda ake kula da yara.

A tsakiyar Oktoba, wata Alhamis, bayan na gama ɗaukar safe, na je gidan ba tare da izininsa ba. Afnan ta buɗe ƙofa da hannun hagu. Na dama yana naɗe da tawul. Gidan yana warin zuma da wani abu daban.

"Me ya same ki?"

"Ba komai."

Na warware tawul ɗin. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu fatar ta saluɓe, ta yi ruwa, gefenta ya yi ja ya kumbura. Kwana uku da suka wuce ubanta ya ce 'yan sa-kai ashirin za su zo, ta soya musu fanke. Tana suya Yasmina ta jawo mata zane, ta kare ƙanwar da jikinta, kaskon mai ya juye mata a hannu.

"An kai ki asibiti?"

"Abba ya ce za su yi tambayoyi. Ya ce saura kwana biyar muhawara. Umma tana sa min zuma."

Na ɗauki Yasmina, na ce Afnan ta shiga mota. A asibitin unguwa nas ta wanke ciwon, yarinyar tana cije mayafi ba ta yi ƙara ba. Likita ta ce da an ƙara kwana biyu da ya shiga jini, kuma tabo zai zauna. Ta tambaye ta yadda aka yi. Afnan ta ce tsautsayi ne a kicin, ba ta ƙara ko kalma ba.

A mota ban tayar da inji ba. Na ce, "Afnan, zan tona wa ubanki asiri gaban jama'a. Ba don in gyara shi ba, so nake ya ji a jikinsa. Amma sunanki zai fito, kuma an gaji da yawo da ke. In kin ce kada in yi, zan haɗiye."

Ta kalli bandejin. Da muka isa gidansu ta shiga ɗaki ta fito da littafin rubutu mai bango shuɗi da wasu takardu a ninke. Takardun kwafin rajistar da uban ke cikewa ne, ita ke buga masa su. Littafin kuma nata ne. Tun Janairu take rubuta abin da ta yi kowace rana, kwanan wata a sama, yadda malamar kimiyya ta koya musu rubuta abin da suka gani a gwaji.

"Kada ki ƙara komai, Anti. Yadda yake kawai."

Da yamma Abdurrahim ya kira ni yana huci.

"Wa ya ba ki izinin fita da 'yata? Kin san me kika jawo min?"

"Ka ga hannun?"

"Na gani. Ƙuna ce, kowa yana ƙonewa. Mahaifiyata da zuma ta warkar da mu. Ku matsalarku kun zo ƙasar mutane kun zama bayin ofis."

"Sai mun haɗu ranar Asabar," na ce, na kashe.

A ɗakin taron cocin su Prisca aka yi muhawarar, a gabashin gari, ƙarfe biyu na rana. Wurin ya cika har baranda. Malamai a gefe guda da riguna iri ɗaya, mutanen Sedgefield a sahun gaba, namu Hausawa a tsakiya da manyan riguna, Alhaji Iliyasu a gabansu. Abokiyar takararsa tsohuwar shugabar makaranta ce da ta yi ritaya. Bebi tana gefe da Yasmina a cinya, Afnan kusa da ita cikin riga mai dogon hannu.

Abdurrahim ya iya magana, ba zan hana shi wannan ba. Ya ce iyaye ne suka san 'ya'yansu, ba ma'aikata ba. Ya ce duk safiya shi da 'yarsa suna zama su yi lissafi kafin ya sha shayi. Aka tafa.

Da aka buɗe fagen tambayoyi na shiga layi. Minti biyu ake ba kowa. Turancina na bas ne, amma yana isa inda na aike shi.

"Sunana Rakiya. Ni yayar matar wannan ɗan takara ce. Ba tambaya zan yi ba, karatu zan yi. Wannan rajistar da ya cike ce. Wannan kuma wadda 'yarsa ta rubuta."

Na ɗaga ta farko. "Huɗu ga Maris. Lissafi awa biyu, kimiyya awa ɗaya, tarihi awa ɗaya." Na buɗe littafin. "Huɗu ga Maris. Wanki. Yasmina ta yi amai sau biyu. Na ninke takarda ɗari huɗu. Ban yi magana da kowa ba sai ƙarfe bakwai."

Na juya shafi.

"Goma sha takwas ga Mayu. Tasa ta ce, babbar jarrabawa, ɗaliba ta kammala cikin awa uku. Tata ta ce, Abba ya yi jarrabawata. Na roƙe shi ya bar min ko shafi ɗaya. Goma sha uku ga Oktoba. Tasa ta ce, gwajin kimiyya a kicin. Tata ba ta ce komai ba, don ranar ce mai ya ƙone hannun da take rubutu da shi, kuma kwana uku bai kai ta asibiti ba saboda wannan taron da muke."

Abdurrahim ya miƙe yana murmushin da ke jikin allonsa. Ya ce jama'a su yi haƙuri, rigimar gida ce. Ya ce matar nan hukumar makarantu ce ke ba ta aiki, tsoron rasa motarta take yi, an turo ta ne. Sannan ya yi kuskuren da har yau nake gode wa Allah a kansa. Ya miƙa hannu ya ce, "Afnan, zo ki gaya musu da bakinki."

Ta tashi ta hau. Ya ba ta makirufo, ta karɓa da hagu. Na ga laɓɓanta sun fara jawabin da ta haddace, kalma biyu suka fito, ta tsaya. Ta ɗora makirufon a tebur, ta ja hannun rigarta sama har gwiwa, bandejin ya bayyana, sannan ta sake ɗauka.

"Ni na rubuta littafin. Ban ga tambayoyin jarrabawar ba. Ina so in koma makaranta."

Ta sauko ta zauna kusa da uwarta. Ba wanda ya tafa. Mutanen sahun gaba suka fara tattara jakunkunansu tun kafin fasto ya rufe taro. Na tsaya ina kallon Abdurrahim yana neman idon da zai haɗa da nasa, bai samu ba. Na ji daɗi. An ce min bai kamata ba, amma na ji, har cikin ƙashina.

A bakin ƙofa wani saurayi daga ɓangaren tsohuwar shugabar ya tare ni da fara'a. Wai ko za a ba su hoton hannun yarinyar da shafi biyu na littafin, su buga kafin zaɓe, zai taimaka ƙwarai. Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Na ce in na ga fuskarta ko hannunta a jikin takardar kowa, shi ma zan zo taronsu in karɓi minti biyuna. Ya ja da baya.

Litinin da safe Bebi ba ta je aiki ba, ta kai Afnan ofishin makaranta ta sa hannu. Ba ta gaya min ba, Prisca ce ta kira ni. Aka gwada yarinyar, aka ce ba za ta iya bin 'yan aji takwas ba, sai ta maimaita aji bakwai. Ƙawayenta suna gaba, ita tana zaune da ƙannensu. Ma'aikatan gwamnati masu kare haƙƙin yara sun je gidan sau uku. Mutanen Sedgefield suka cire sunan Abdurrahim daga komai cikin kwana biyu, suka daina ɗaukar wayarsa. Ranar zaɓe ya sha kaye irin wanda ba a jayayya a kansa.

Kada kowa ya ɗauka an yaba min. A guruf ɗinmu na waya an kira ni mahassada, an ce na zubar da mutuncin Hausawa gaban Turawa. Alhaji Iliyasu ya aiko a gaya min na hana al'umma kujera. Ba wanda ya rubuta layi ɗaya a kan hannun yarinyar. Bebi ta yi wata huɗu ba ta gaishe ni ba, tana gidan mijinta har yau. Afnan kanta ba ta ce min na gode ba, ban kuma nema ba. Ba ta yawan magana yanzu. Ko da zafi dogon hannu take sawa.

Ina jin su a rediyo da talabijin suna ta jayayya a kan wa ya kamata ya riƙe makaranta, iyaye ko malamai, gunduma ko jiha. Kowa da yaro yake rantsuwa. Na ga yadda ake yi da yaron in an sauko daga mumbari.

A watan jiya aka sanar cewa za a zaɓi sabon shugaban kwamitin Islamiyyarmu ta Asabar da Lahadi, mai yara tamanin da bakwai. Bayan sallar Juma'a aka liƙa takardar masu nema a allon sanarwa. Suna ɗaya ne a kai, Abdurrahim. Wai dattawa sun ce a ba shi ya farfaɗo, ya sha wahala. Na ari biro a hannun wata mata na rubuta sunana a ƙarƙashin nasa.

Ya same ni a wurin ajiye motoci. Ya rame, kwat ɗin ya yi masa yawa.

"Yaya Rakiya, bai isa ba? Me kuma kike nema da ni?"

"Ba ka taɓa ce wa yarinyar nan ta yi haƙuri ba. Na tambaye ta."

"Ni ubanta ne."

"Na sani. Shi ya sa."

"Ke me kika sani a kan tafiyar da makaranta?"

"Na san sunan kowane yaro a cikinta, da na uwarsa. Iyaye mata hamsin da biyu ne ke da ƙuri'a, na riga na shiga gidan arba'in." Na buɗe ƙofar motata. "Ka ji da kyau, Abdurrahim. Duk kujerar da ka nema a garin nan, in dai akwai ɗan wani a ƙarƙashinta, za ka tarar da sunana a takardar. Ko ta mai rarraba alli ce."

Ranar Lahadi mai zuwa za a kaɗa ƙuri'a. Jiya da yamma aka ce min ya je ya soke sunansa daga takardar.